Kawu da Ƙwallon da Ta Raba Gidanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a wani asibiti a nan Jidda, bayan jinyar da ta cinye naman jikinsa ta bar masa idanu kawai. An yi masa sutura bayan la'asar. Kafin magariba an jera kujeru sahu biyu a bakin titi, ƙofar benen da yake haya a unguwar Aziziyya. Ni aka zaunar a kujerar farko ina karɓar gaisuwa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ba ɗan cikinsa ba. Ɗansa namiji ɗaya ne tak, kuma ba ya ƙasar.

Samari suna zuwa su kama hannuna su ce, "Azzamallahu ajrakum." Tsofaffi kuwa da Hausa suke yi: "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan rai." Akwai wani dattijo da suka yi aikin sito tare a tashar jiragen ruwa tun suna da ƙarfinsu. Bai yi kuka ba. Ya zauna yana murza gwiwoyinsa, aka miƙa masa gahawa ya ƙi karɓa. Can ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Wata uku bayana a riƙe, shi yake ɗaukar nasa kayan ya ɗauki nawa. Ko matarsa bai gaya wa ba."

Na hau sama wajen mata don in duba mahaifiyata. Inna tana zaune a ƙasa kusa da Hajiya, matar Kawu, ta riƙe mata hannu. Da ta gan ni sai ta yafito ni.

"An gaya wa yaron?"

"An gaya masa, Inna."

"Kai ka gaya masa?"

Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuskarta bango.

A yini na biyu tsofaffin 'yan ƙungiyarmu ta ƙwallo suka zo, duk sun yi teɓa, wasu da furfura a gemu. Suka cika sahu guda. Ina jin biyu daga cikinsu suna magana ƙasa-ƙasa, suna zaton ba na ji. Ɗaya ya ce, "Wallahi da ya saki ƙwallon nan da wuri, da yanzu wani labarin ake yi." Ɗayan ya ce, "Shi ma ɗayan wa ya aike shi ya ruga?" Ni da ɗan Kawu suke nufi, shekara goma sha ɗaya da yin abin. A zaman makokin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon a bar wannan magana. A nan na ƙudura zan rubuta abin da na sani game da Kawu, kafin a manta da shi a riƙe ƙwallon kaɗai.

Kawu Bahaushen Sudan ne. A can aka haife shi, ya hayo jirgin ruwa da iyayensa yana saurayi, suka sauka a tashar da daga baya ta zama wurin aikinsa. Hausarsa tana da ɗanɗanon can, yana jan wasu kalmomi yadda mu haifaffun Jidda ba ma yi. Wani ƙarfen ɗaukar kaya ya taɓa danne masa ƙafar hagu, shi ya sa yake ɗingishi, kuma tun daga nan bai sake buga ƙwallo ba. Sai ya koma koyar da ita. A Hindawiyya, inda muka tashi, akwai wani fili na turɓaya a bayan garejin kanikawa. Nan ne masarautarsa. Kowa a unguwa Kabtin yake ce masa, har limamin masallacinmu.

Yana da wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya ɗaure shi da igiya. Duk ranar wasa, kafin kowa ya iso, sai ka gan shi yana jan abin nan a ƙasa daga wannan raga zuwa waccan, yana tsince ƙusoshi da guntayen ƙarfen da suka fito daga gareji. Kwalba kuwa da hannu yake tsinta. Ba ya yarda wani ya karɓe shi. Ya ce wanda ke da ƙafa biyu lafiyayyu sauri yake yi, shi kuwa ɗingishi ya koya masa duba ƙasa.

A fili ya hana mu Larabci. Mu kuwa Larabcin ya fi mana sauƙi a baki. Yakan ce, "Ya walad, in ka ce yamin, mai tsaron bayansu ya ji. In ka ce dama, kai da ɗan'uwanka kaɗai kuka sani." Da yawa daga cikinmu a filin nan Hausarmu ta zauna. Sai da muka girma muka gane ba don ƙwallo kaɗai yake yi ba.

Na tuna ranar da muka zura wa wata ƙungiya ƙwallo bakwai. Muna ta tsalle, muka waiwaya ba mu ga Kawu ba. Ashe ya tsallaka can ragar abokan karawa, ya zauna a ƙasa kusa da golansu, wani Bayamale da ke kuka a cikin safar hannunsa. Ya daɗe a wurin yana nuna masa inda ya kamata ya tsaya. Da ya dawo muka ce, Kabtin, ai abokin gaba ne. Ya ce, "Abokin gaba a ina? Gobe a layin sayen burodin tamis ɗaya za ku tsaya."

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Kawu ya kwaso mu ni da Inna zuwa gidansa. Ni da ɗansa, taubashina, watanni huɗu ne tsakaninmu. Katifa ɗaya, kwano ɗaya, makaranta ɗaya. A fili ni ne ɗan tsakiya mai raba ƙwallo, shi ne ɗan gaba mai ci. Ba na buƙatar in ɗaga kai in san inda yake. Shi ma kafin in juya ya san inda zan aika. Mutane sukan bar shagunansu su zo kallonmu.

Kowace shekara ana gasar unguwanni. A zagayen farko, inda ake tara maki, ba mai iya tsayawa gabanmu. Matsalar tana farawa ne idan aka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda duk wanda aka ci ya tattara ya koma gida. A nan sai wani abu ya shiga tsakaninmu. Shekarar farko ƙwallayena suka riƙa yin tsawo, yana bi yana kasa tarar da su, aka fitar da mu. Shekara ta biyu na ajiye masa uku a ƙafa, shi da gola kawai, ya ɓarar da duka ukun, aka sake fitar da mu. Unguwa ta rabu biyu. A wurin mai shayi akwai bencin masu cewa mai bayarwa ne ba ya iya ɗaukar babban wasa, akwai bencin masu cewa mai ci ne zuciyarsa ke rawa. Har mata a gidan biki suna da ra'ayi.

Duk wanda ya kawo wa Kawu wannan zance amsa ɗaya yake samu. In na je na ce taubashina ya ɓarar, sai ya saurare ni har in gama, sannan ya ce, "To, na ji nasa. Naka fa?" In shi ya je ya ce na yi masa tsawo, haka zai ce masa. Ba a ƙwallo kaɗai yake yin wannan ba. Ma'aurata sun sha zuwa gabansa su fita suna jin haushinsa su biyun, don kowa ya zo ne a ba shi gaskiya. Ina ganin mutane da yawa sun girmama Kawu, amma kaɗan ne suka ji daɗin shari'arsa.

A shekara ta uku muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Ana gobe wasan, Kawu ya kira mu mu biyu bayan sallar la'asar. Fuskarsa tana haske irin wanda ban saba gani ba. Ya ce wani mutum da ke nemo wa wata babbar ƙungiya 'yan wasa ya ji labarinmu, zai zo gobe.

"Zai tsaya cikin jama'a. Kada ku neme shi da ido. Ku buga abin da kuka saba, halas."

Da muka fito, karon farko a rayuwarmu, kowa ya bi hanyarsa daban.

Ranar wasan zafi ya yi tsanani, iskar teku ta tsaya cak, riga tana manne wa mutum tun kafin ya fara gudu. Filin ya cika har kan rufin gareji. A rabin farko taubashina ya yi wasan da ban taɓa gani ya yi ba, sai dai sau biyu yana samun dama ya tsaya yin ado maimakon ya buga. Aka zura mana ɗaya. Da aka tafi hutu Kawu ya ajiye mana kular ruwa ya ce yana zuwa. Ya ɗan jima bai dawo ba. Da ya dawo bai yi mana faɗa ba, bai ba mu wata dabara ba. Ya ce, "Yalla, ku koma," ya zauna a kan tayar da yake zama.

Saura minti kaɗan a tashi, har yanzu ɗaya da nema. Ƙwallo ta faɗo mini a tsakiya. Na wuce mutum ɗaya, na wuce na biyu. Na gan shi ta dama, hannunsa a sama, yana ihu da Hausa: "Yanzu! Yanzu!" Na gan shi sarai. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba sai kwanan nan. Amma na kuma ga raga a buɗe a gabana, na tuna akwai wani a cikin jama'a da ke kallo. Na ƙara taɓa ƙwallon sau ɗaya. Na ƙara na biyu. Mai tsaron baya ya rufe ni, sai a lokacin na tura masa.

Ya tare ta da ƙirji, ya narka ta a raga. Filin ya ɗauki ihu. Ya cire riga ya ruga wajen 'yan kallo, hannuwa a buɗe. Sai da ya kusa kaiwa ya lura ihun ya canja. Alƙalin wasa ya riga ya busa: satar gida. Taku ɗaya ya wuce mai tsaron bayansu. Ya tsaya a tsakiyar fili ba riga, magoya bayan ɗaya ƙungiyar suna yi masa dariya. Bayan minti biyu aka tashi.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Wai an ga baƙon ya girgiza kai ya shiga mota bayan an soke ƙwallon. Kowa ya rantse ya gan shi, ko da yake ba wanda ya san kamanninsa.

Washegari da safe Kawu ya sa aka kawo ful, wato dafaffen wake, da tamis, ya ce mu zauna mu uku. Ba wanda ya miƙa hannu.

"Kowa ya faɗi abin da ya yi," in ji shi.

Taubashina ya ce, "Baba, ai kowa ya gani. Ya riƙe ƙwallon."

"Na ji nasa. Naka fa?"

Taubashina ya zuba wa kwanon ido. Kawu ya juyo gare ni. Na ce ban gan shi da wuri ba, an rufe ni. Kawu ya zuba mini ido har sai da na kawar da kaina.

"To, tunda kun ƙi, ni zan faɗa. Kai, ka riƙe ta taku biyu, kuma ka san dalili. Kai kuma, ka fita kafin lokaci, don ba ka yarda zai ba ka ba. Da ka yarda da shi da ka jira. Ni kuma na buɗe bakina na gaya muku akwai baƙo, na sa muku abin da ƙafafunku ba za su ɗauka ba. Mu uku ne. Ba wanda zai tashi daga nan da hannu fari."

Taubashina ya ture kwanon.

"Baba, kana raba laifi kamar naman layya, kowa da kasonsa. Rayuwata ce ta tafi jiya. Ni ne ɗanka, ba shi ba."

"Ku biyun ni na rene ku."

"Ka faɗa sau ɗaya kawai. Ka ce shi ne."

"Ba zan faɗa ba."

A nan ne na yi maganar da har yau nake jin ɗacinta. Na ce, "Ko na ba ka da wuri ma ɓarar da ita za ka yi, kamar bara." Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya tashi ya fita. A ranar ya kwashe kayansa daga ɗakinmu ya koma kwana a falo.

Na zaci sati ɗaya ne. Taubasai ai zagi da tsokana ne abincinsu. Amma wannan bai wuce ba. Shi ya daina ƙwallo gaba ɗaya, ya kama aikin tuƙi. Ni na ƙara shekara ɗaya na bari, na shiga aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Muna gida ɗaya, muna haɗuwa a matakala, kowa ya manne da nasa bangon. Ranar Sallah Kawu yakan tilasta mana zama a faranti ɗaya. Mu ci, mu wanke hannu, mu tashi, ba wanda ya ce wa wani uffan. Inna da Hajiya, waɗanda suka yi shekaru suna girki a tukunya ɗaya, suka fara auna kalmominsu a gaban juna. Da na yi aure ya zo ɗaurin aure ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a gaisa.

Kawu ya gwada duk abin da ya sani. Ya aike mu Makka tare da Hajiya don mu raka ta umara, muka je muka dawo kowa na magana da ita kaɗai. Ya sa limami ya kira mu. Ya yi fushi, ya yi lallashi. Wata rana na same shi shi kaɗai a filin yana jan maganaɗisunsa, alhali ba wasa ranar. Na ce, Kawu, me kake tsinta? Ya ce, "Ba komai. A gida ne ba na iya zama."

Sai kamfanin da taubashina yake tuƙi ya rufe, kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, ya bar garin, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu. An yi ta neman inda za a mayar da shi ba a dace ba. Daga ƙarshe dole ya fita zuwa Sudan, ƙasar da ke rubuce a fasfonsa, wadda bai taɓa taka ba. Ranar tafiyarsa kowa ya raka shi. Ni na ce ina da aiki. Ina kan rufin wani bene ina kwance injin da ba abin da ya same shi, har aka kira azahar. Da na dawo Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ya waiwaya sau biyu." Shi ke nan abin da ya ce.

Bayan haka rusau ya zo Hindawiyya. Gidanmu, masallacinmu, gareji, filin, duk suka zama fegi ɗaya shimfiɗaɗɗe. Jama'armu ta watse, kowa inda ya samu. Kawu da Hajiya suka koma hawa na uku a Aziziyya, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Mutumin da duk unguwa ke gaishe shi da Kabtin ya koma wurin da ba wanda ya san sunansa. Matakalar ta fi ƙarfin ƙafarsa, sai ya daina sauka sai Juma'a. Daga baya ciwon ya fito, Juma'ar ma ta gagara.

Ina zuwa duba shi kullum bayan na tashi aiki. Wata la'asar, kwana tara kafin rasuwarsa, ya ce wa Hajiya ta ba mu wuri. Ya sa na ɗaga shi na jingina shi da matashi.

"Akwai abin da na ɓoye muku," ya ce. "Mutumin nan da ya zo kallon wasa. Bai ga ƙwallon da kuke faɗa a kanta ba."

Na ce ban gane ba.

"Da aka tafi hutu na je na same shi a gefen motarsa. Ya ce mai lamba tara, wato ɗana, ya burge shi, mai ba shi ƙwallo ma ba laifi. Sai ya tambaye ni, 'yan ƙasa ne? Na ce a nan aka haife su, su biyun. Ya ce ba abin da ya tambaya ba ke nan. Na ce iƙama gare su. Ya ce hasara. Ya ba ni hannu, ya shiga mota ya tafi. Kafin ku koma fili ya kai titi."

Na ce, "Kawu, shekara goma sha ɗaya. Me ya sa ba ka faɗa ba?"



"Na ce bari ya huce tukuna, kwana biyu. Yaya zan kalli ɗana in ce masa ko ya ci goma ba inda za shi, saboda takardar da ya gada a wurina? Na ga gara ya ji haushin ƙwallo ɗaya da ya ji haushin haihuwarsa. Kwana biyu suka zama wata. Daga nan kuma kunya ta hana ni. Ina kallo kai ka ɗauki kayan, ina kallo gidan ya tsage, na yi shiru. Ina zaunar da mutane ina cewa kowa ya faɗi nasa, ni nawa yana cikin aljihu."

Hawaye yana bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Ban taɓa ganin Kawu yana kuka ba, ko ranar da aka rushe gidan.

"Na sha ɗaukar waya in gaya masa, sai murya ta ƙi. Kai za ka gaya masa. Ka kira shi ina da rai, in ya so ya zage ni in ji da kunnena."

Na ce to, insha Allahu. Na karɓi lambar a wurin Hajiya. Kullum sai in ce gobe. Ban san yadda ake buɗe baki bayan shekaru irin waɗannan ba. Kullum in na shiga ɗakin sai ya dube ni, in ce layin can ba ya shiga. Ya san ƙarya nake yi. A rana ta bakwai ya daina magana. A ta tara ya cika.

Wannan shi ne mutumin. Ba zan ce waliyyi ba ne, shi ma ba zai yarda in faɗa ba. Ya ciyar da maraya, ya ɗauki kayan abokinsa, ya tsince ƙusa daga ƙarƙashin ƙafafun 'ya'yan mutane shekara da shekaru. Ya kuma ji tsoron gaya wa ɗansa gaskiya ɗaya, tsoron ya ci gidansa. Duka biyun Kawu ne.

Da aka share makoki, washegari da hantsi, na zauna a cikin mota a ƙofar benen na kira lambar. Ta daɗe tana ƙara.

"Wa ke magana?"

"Ni ne."

Ina jin ƙarar janareta a bayansa da kukan wani jariri.

"Ya haƙuri?" na ce.

"Da godiya. Ya namu gaba ɗaya." Muryarsa ta yi kauri, ta koma irin ta mahaifinsa. "An ce kai ka shiga kabarin."

"Ni ne."

"Allah Ya saka."

Na ce akwai saƙo daga Kawu. Na faɗa masa duka, yadda aka faɗa mini, ban rage ba. Na gaya masa an ba ni saƙon tun yana da rai, ni na riƙe shi har ya mutu. Sannan na ce, "Ranar nan kuma na gan ka. Na gan ka tun ɗaga hannunka na farko. Na so in ci da kaina don a gan ni."

Na duba wayar ko ta katse.

"Na san ka gan ni," ya ce. "Ni ma tun daren jajibirin na sa a raina ba za ka ba ni ba. Shi ya sa na fita." Ya ja numfashi. "Amma ka san me ka yi mini yanzu? Duk shekarun nan, in na kwanta a garin nan da ba na sanin kowa, ina cewa da ba don kai ba da ina wani wuri. Da wannan nake rayuwa. Yanzu wa zan ce?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Kwana tara," ya ce. "Da ka kira, da na ce masa ba komai. Wallahi da na ce masa, Baba, ba komai."

Sai ya fashe da kuka, irin kukan da namiji ke yi sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa. Na kifa kaina a kan sitiyari ina saurare. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Da ya natsu ya ce in kula masa da Hajiya, kada a bar ta ita kaɗai a hawa na uku. Na ce Inna ta riga ta ce ta dawo wurinmu. Ya ce to. Sannan ya ce, "Ranar Juma'a ka je wurinsa. Ka ce ina gaishe shi. Ka faɗa masa abin da na ce."

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi maƙabarta. Rana tana tsakiyar kai, ƙasar tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. A nan ba a rubuta suna a kabari. Na riƙe a kaina cewa shi ne na ƙarshe a sahunsa, kusa da bango. Da na isa na tarar an ƙara wasu a gefensa, ƙasarsu duk sabuwa, duk iri ɗaya. Na yi ta ƙirgawa daga wannan gefe, na sake daga wancan, ban tabbata ba. Daga ƙarshe na tsaya a tsakanin guda biyu, na yi sallama. Na ce, Kawu, ɗanka yana gaishe ka. Ya ce in gaya maka ba komai.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa da ɗingishinsa. Ka yafe masa abin da ya ɓoye, Ka karɓi abin da ya bayyana, Ka yalwata masa makwancinsa. Mu da ya bari, Ka ba mu ikon faɗin abin da ke bakinmu tun masu jin sa suna da rai. Amin.